Ba Yawan Harsuna Ke Ɗaure Bakin Yaro Ba

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina girmama alƙalaminsa, ya yi rubutu kwanan baya yana ja wa ma'aurata kunne kan fita waje da ƙananan yara. Waɗanda yake nufi su ne mutanenmu da karatu ko aiki ko fatauci ya kai Alƙahira, Kuala Lumpur, Dubai ko Ingila, suka ce ba su tafiya sai da ɗansu, wanda wani lokaci ko yaye shi ba a yi ba. A ganin Malam, yaron da ya ji Hausa a bakin uwarsa da safe, ya ji Turanci a gidan raino da rana, ya ji Larabci a bakin maƙwabta da yamma, kansa zai ɗaure, bakinsa ya yi nauyi, ya tashi babu harshen da ya riƙe da kyau. Sai ya kawo mafita. A bar yaron a gida wajen kakarsa har ya yi wayo, tunda ba tuna tafiyar zai yi ba, kuɗin jirgi kawai za a zubar. In kuwa an kafe sai an je da shi, to a tsayar masa da harshe ɗaya, kuma Turanci ya fi cancanta, domin a wajen Malam Hausa ba ta ɓace wa ɗan Bahaushe, duk ranar da aka dawo zai tsince ta a ƙofar gida.

Ban musa wa Malam abin da idonsa ya gani ba. Kowa ya san irin yaran: an zo da su hutu, kaka ta miƙa hannu tana kiran maigidanta, yaro ya noƙe bayan uwarsa, in ya amsa ma da Turancin katun zai amsa. Akwai kuma waɗanda bakin ya yi nauyi da gaske. Inda muka raba gari da Malam shi ne wajen gano cutar. Ya ga yaro ba ya magana, sai ya ƙirga harsunan da ke kewaye da shi, ya ce sun yi yawa. Da mutanen da ke yi wa yaron magana a yini ya ƙirga, da ya ga sun yi kaɗan. Maganin da ya rubuta kuwa ƙara rage su yake yi.

Shi wannan tsoro ma ba gadon gidanmu ba ne, aro aka yi. A 1923 wani mai suna D. J. Saer ya yi wa yaran Wales gwajin basira, ya fito yana cewa yaran ƙauye masu harshe biyu sun gaza masu Turanci zalla. A Amurka ma an yi ta irin wannan gwaji a kan 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani, sau da yawa da Turancin da ba su gama iyawa ba, kuma ba a duba ko iyayen masu hali ne ko talakawa ba. Ɗan talaka ya faɗi jarrabawar da aka yi masa da harshen da ba ya ji sosai, aka ɗora wa harshen gidansu laifi. Sai a 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert na Jami'ar McGill suka sake gwajin a Montreal, suka gwama yara 'yan shekara goma waɗanda gidajensu suke kusan daidai wajen hali, sai ga masu Faransanci da Turanci sun zarce masu Faransanci kaɗai a yawancin gwaje-gwajen. Ba zan ɗauki wannan in yi ta tutiya cewa mai harshe biyu ya fi kowa kaifin kai ba, domin masana suna kan jayayya a kai har gobe. Amma zancen cewa harshe na biyu yana dakushe yaro, waɗanda suka kawo shi sun daɗe da binne shi, mu ne muke tonowa yanzu.

Kuma ba sai an je Montreal ba. Yaron Yola yana tashi da Fulatanci a ɗakin kakarsa, Hausa a bakin titi, Larabci a kan allo. Na Maiduguri yana haɗa Kanuri da Hausa, wani har da Larabcin Shuwa. A Yamai Zabarmanci da Hausa ne kafin makaranta ta ƙara Faransanci. A zangon Kumasi Hausa ce a gida, Twi a kasuwa, Turanci a aji, in ka gangara Nima a birnin Accra ka ƙara da Ga. Wa ya taɓa jin an ce waɗannan garuruwa bebaye suke haifarwa? Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma a gidan da ta tashi ta same su. Ina zargin abin da ya sa lamarin ke ba mu mamaki, mu 'yan Kano da Katsina da Sakkwato, shi ne an shagwaɓa mu. Kowa ya zo garinmu ya koyi namu, mu ba mu koyi na kowa ba, har muka ɗauka harshe ɗaya shi ne lafiya, biyu kuwa lalura. A yawancin Afirka mai harshe ɗaya ne abin kallo.

Ita ma tafiya da goyo ba yau aka fara ta ba. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, da ƙafa mutanenmu suke zuwa Makka, ta Borno, su bi Fort-Lamy da Abeche, su shiga Darfur, su ratsa El Obeid har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri, wani noma, wani ɗinki, wani wanzanci, wani tsinkar auduga a Jazira. Da iyali ake yin ta. A haihu a hanya, a yaye a hanya, yaro ya bar Kano a bayan uwarsa ya isa Jidda yana ciniki da Larabci. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, da mata da yara, har suka kafa garin da ake kira da sunansa a gaɓar Nilu kusa da Sinnar. Wahalar da yaran wannan hanya suka sha ba ta faɗuwa, yunwa da ƙishi da cuta, da yawa ba su kai ba. Amma a cikin abubuwan da suka kashe su ko suka nakasa su babu yawan harshe. In Malam yana son hujjar da ta girmi wannan, ruwayar Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ta nuna Annabi Ibrahim ya kai Hajara kwarin Makka tana shayar da Isma'il, amincin Allah ya tabbata a gare su, kuma a bakin ƙabilar Jurhum da suka zo suka zauna tare da su yaron ya koyi Larabci.

Masu nazarin yara sun daɗe suna bin abin da ke gudana a kan ɗan wata goma da ɗan shekara biyu. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka nuna a Kanada cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas, daga gidan da Turanci kaɗai ake yi, yana bambance wasu sautukan Hindi da iyayensa ba sa jin bambancinsu, amma kafin ya cika shekara kunnen ya tsuke, ya koma kan sautukan da yake ji kullum. Ashe lokacin da Malam ke cewa a dakata yaro ya yi wayo, lokacin ne kunnensa ya fi buɗewa. A 1993 kuma Barbara Pearson da abokan aikinta suka bi yaran Miami masu tashi da Turanci da Sifaniyanci, tsakanin wata takwas da wata talatin. Da aka haɗa kalmomin da suke da su a harsunan biyu, ba su gaza sa'o'insu masu harshe ɗaya ba. Nan kuskuren lissafi yake shigowa gidajenmu. A ce yaro yana da kalma talatin na Hausa da ashirin da biyar na Turanci. Malamar gidan raino ta ƙirga nata, ta ce ɗanku yana baya. Kaka ta ƙirga nata ta waya, ta ce wannan miji nawa bakinsa da nauyi. Kowacce rabin yaron ta auna. Gaskiya ne in aka ware harshe guda, yakan ɗan gaza wanda ke jin wannan harshe kaɗai daga safe har dare, domin yininsa a rabe yake. Wannan rabon lokaci ne, ba ruɗewa ba.

Gauraya kuwa, wadda Malam ya ɗauka babbar shaida, wato yaro ya fara zance da Hausa ya ƙarasa da Turanci, sai a tambaya a bakin wa ya ji. Ubansa na nan kwance a kujera yana waya da abokinsa, rabin kowace jimla Ingausa ce, ba wanda ya ce kansa ya ɗaure. Fred Genesee da abokan aikinsa sun lura da yara 'yan kimanin shekara biyu a Montreal a 1995, suka ga yaro ya fi yi wa uwarsa harshen uwar, ya fi yi wa ubansa harshen uban. Ya san na wane ne wane. In ya ɗauko kalma daga can ya cike nan, don bai riga ya mallaki ta nan ba ne.

Ga abin da Malam ya tsallake. Ɗauki yaron da ke tashi a babban gida a Fagge ko Birnin Kebbi ko Damagaram. Daga asuba zuwa isha'i bakuna nawa ke kansa? Kaka tana tsokanarsa, gwaggo tana yi masa tawai, yayyensa sun saɓa shi sun fita da shi ƙofar gida, 'yar raino tana rera masa abin da ta ji a dandali, mai tallan ƙosai ta kira shi da sunan da ta laƙaba masa, matan gida suna daka suna hira a kansa. Babu wanda ya zauna da niyyar koya masa magana. A cikinta yake iyo kamar kifi.

Yanzu ɗauke shi ka kai shi hawa na goma sha biyu a wani bene na Kuala Lumpur, ko ciki da falo a Coventry. Uba ya fita tun da safe, digiri na uku ya sha masa kai, ya dawo da dare a gajiye. Uwa ita kaɗai, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za a leƙa ta katanga, ga girki, ga wanki, ga kewar gida, wani lokaci ga ƙaramin ciki. In a Ingila ne da hunturu, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu, ba inda za a je. Yaro ya tayar da rigima, a kunna masa katun a miƙa masa waya, a samu a sarara. Bakuna ashirin sun koma biyu, biyun ma ɗaya ba ya nan. Ita kuwa waya ba ta cike gurbin. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da ke Seattle ta tara jarirai 'yan wata tara daga gidajen masu Turanci. Wasu aka zaunar da su sau goma sha biyu da mutanen da ke yi musu wasa da karatu cikin Sinanci, wasu kuma aka nuna musu waɗannan mutanen dai a bidiyo ko aka kunna musu muryarsu. Na farkon suka kama sautukan Sinanci. Na bidiyo da na murya ba su kama komai ba, kamar ba a yi ba. Yaro a waɗannan shekaru daga fuskar da ke kallonsa tana amsa masa yake ɗaukar harshe.

Akwai kuma wani abu namu na cikin gida da ba zai fito a binciken Seattle ba. Yawancin masu irin wannan tafiya sababbin aure ne, yaron kuma ɗan fari. Mu kuwa a al'ada uwa tana kara da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta nuna ya dame ta. A babban gida wannan kunya ba ta cutar da kowa, don akwai mutum goma da za su yi abin da ta bari, da wannan lissafin ma aka gina al'adar. A ɗakin haya a ƙasar wasu babu mai karɓar aikin. Ko matan yanzu da za su ce sun wuce nan, da yawansu ba su saba zama su yi ta surutu da jariri ba, don ba su ga iyayensu mata sun yi ba, mazan kuwa ba a magana. Wata ƙanwata da ta zauna da mijinta a Malesiya ta ce mini ba jirgi ne ya fi ba ta wuya ba, ba kuma abincinsu ba. Koyon hira da ɗanta ne, ita kaɗai a ɗaki kamar mai taɓin hankali: yanzu za mu wanke hannu, ga albasa ina yankawa, tashi mu ga wa ya buga ƙofa. Ta ce da farko kunyar bango take ji.

A kan irin wannan gida Malam ya ce a koma Turanci. Uwar da Hausarta ke da lallashi da tsokana da zambo da tatsuniya, a ce ta ajiye ta ɗauki Turancin aji. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawanmu Turancinmu na jarrabawa ne da takardar ofis. Ba mu iya rarrashin mai kuka da shi ba, ba mu iya yi wa mai tatata kirari da shi ba. Sai zancen gida ya tsuke ya koma umarni: zo, zauna, bari, ci. Shi kuma Turancin da ake tsoron yaro ya rasa, a Ingila ko Amurka shi ne abin da ba yadda za a yi ya rasa. Gidan raino zai ba shi, titi zai ba shi, talabijin zai ba shi, cikin 'yan watanni ya fara gyara wa ubansa lafazi. Harshen da ke buƙatar mai tsaronsa shi ne wanda ba a jin sa a wajen ƙofa.

Cewa Hausa ba ta ɓacewa kuwa, fata ne kawai. A 2007 Annick De Houwer ta fitar da bincike a kan gidaje kusan dubu biyu a yankin Flanders na Beljiyam, inda aƙalla ɗaya daga iyaye ke yin wani harshe ban da na ƙasar. Duk yaran sun iya harshen ƙasar. Amma kimanin ɗaya cikin huɗu na gidajen, yaransu ba sa yin harshen gida ko kaɗan, kuma inda aka fi dacewa shi ne inda uwa da uba duka suke yin harshen gidan. A 2003 Christophe Pallier ya gwada mutum takwas da aka haifa a Koriya, Faransawa suka ɗauke su riƙo suna tsakanin shekara uku da takwas. Da suka girma, an kunna musu zancen Koriyanci a cikin wasu harsuna, ba su iya tsamo shi ba. Ɗan shekara takwas ke nan, wanda ya riga ya iya harshensa sarai, balle wanda ko fara shi bai yi ba. Su kansu jikokin mahajjatan da na ambata shaida ne ta fuska biyu. A ƙauyukan Sudan inda Hausawa suka zauna a dunƙule, Hausa tana nan da ranta, duk da Larabci ya shige ta, kamar yadda Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum ya yi nazari. Inda aka warwatsu cikin birane kuwa Larabci ke cinye ta, kuma a Makka da Jidda akwai masu laƙabin Hausawi da laƙabin kaɗai ya rage musu. Jini bai riƙe wa kowa harshe ba, zango ne ya riƙe. Ba ma sai an hau jirgi ba: a Maitama da Gwarinpa akwai yaran Hausawa da ke jin Hausa su amsa da Turanci.

Wanda aka dawo da shi yana shekara goma don ya tsince ta a ƙofar gida, abin da yake tsinta dariya ce. Ba ya iya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, karin sautinsa a karkace, 'yan'uwa su taru a ce Bature ya zo, maimaita mu ji. Sau biyu aka yi masa haka ya kama bakinsa. Wasan jika da kaka kuwa, wanda gaba ɗayansa a kan iya mayar da magana ya tsaya, ba a yin sa da tafinta.

Sai batun barin yaro wajen kaka. A nan Malam yana da gaskiya a wani gefe. In Umarar mako biyu ce, ko aikin Hajji cikin zafi da turmutsitsi, ni ma zan ce a bar shi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun ce fiye da mutum 1,300 ne suka rasu, mafi yawa saboda zafi, manya ke nan. Kai yaro gidan kaka don yaye ma al'adarmu ce, ba wanda ya ce ta kashe wani. Amma mako biyu daban, shekara uku ko huɗu na karatu daban. Yaron da aka bari yana wata goma sha takwas aka dawo masa yana shekara biyar, uwarsa baƙuwa ce a wajensa, kuma sau da yawa an dawo da ƙani da aka haifa a can, wanda ya san cinyar da shi bai sani ba. Hujjar cewa ba zai tuna ba ita ce mafi rauni. Ba zai tuna nonon da ya sha ba, ba zai tuna wanda ya goya shi ba, ba zai tuna yadda ya koyi tafiya ba, duk da haka da su yake tsaye. Kuɗin jirgin ma, a daidai waɗannan shekaru ne ya fi sauƙi, domin wanda bai cika shekara biyu ba a cinya yake tafiya, yawancin kamfanoni kimanin kashi goma cikin ɗari na kuɗin babba suke karɓa a tafiyar ƙetare. Kuma da Malam ya ɗora shawarwarinsa biyu a faifai ɗaya, da ya ga suna faɗa da juna. Ta farko ta ce Hausa da tarbiyyar gida sun kai a raba ɗa da uwarsa saboda su. Ta biyu ta ce in an tafi da shi a watsar da Hausar, ba komai.

Ainihin wahalhalun tafiya da ƙaramin yaro wasu ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaro yana buƙatar fasfonsa da bizarsa. Rigakafin zazzaɓin shawara daga wata tara ake yi, kuma ƙasashe da yawa sai sun ga katin. Saukar jirgi tana toshe kunnen yaro, shi ya sa ake ba shi nono ko abin tsotso a lokacin. Haɗarin da iyaye suka fi mantawa kuwa yana wajen dawowa: yaron da ya tashi inda babu zazzaɓin cizon sauro ba shi da wata kariya a jikinsa, hutun damina a gida yana iya kwantar da shi kwanciya mai muni in ba a nemi maganin rigakafi da gidan sauro ba tun kafin a taso.

Abin da ke aiki a wajen harshe ba shi da tsada. Uwa da uba su yi Hausa a gida, da junansu da kuma yaron, ya amsa da Turanci ko Larabci su ci gaba da Hausarsu ba tare da tsawa ba. A kira kaka ta bidiyo, don wannan ba katun ba ne: binciken Sarah Roseberry da abokan aikinta na 2014 ya nuna yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi suna koyon sababbin kalmomi ta kiran bidiyo in wanda ke can yana amsa musu kai tsaye. A nemi gidajen Hausawa na garin, yara su haɗu, domin yaro ba ya daraja harshen da tsofaffi kaɗai ke yi. In an zo hutu a sake shi cikin 'yan'uwa, a kuma ja kunnen masu dariya. A sa ido a kan ɗa na biyu, don wansa zai shigo da harshen makaranta har ɗakin kwana.

Abin da ya sa ban bar rubutun Malam ya wuce ba shi ne wata ɓarna da ta fi asarar Hausa. Akwai yaran da bakinsu ya yi nauyi don wani dalili na gaske. Ruwan kunne mai yawan dawowa yana rage ji. Sanƙarau yana barin kurumta, haka shawarar jarirai in ta yi tsanani. Akwai galahanga. Irin wannan jinkiri a dukkan harsunan yaro yake bayyana, ba a ɗaya ba, kuma yanke masa harshe guda ba ya warkar da shi. Alamominsa sanannu ne: ya cika shekara ba ya gwaranci, a kira sunansa ba ya waiwaye, ya kai wata goma sha takwas babu kalma ko ɗaya a kowane harshe, ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana sannan ta ɗauke. Iyayen da suka karanta Malam suka ga haka, za su ce ai harsuna ne suka yi masa yawa, su yanke Hausa, su zauna jira wata shida, shekara guda, a daidai lokacin da taimako ya fi amfani. A Ingila ana gwada jin jarirai cikin makonnin farko na haihuwa, a mafi yawan asibitocinmu ba a yi, don haka yaron da aka haifa a gida aka fita da shi yana iya kai shekara uku ba wanda ya taɓa duba kunnensa, can suna zaton an yi a nan, nan ba a san ana yi ba. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In kuma a can waje ne wata ma'aikaciyar lafiya ta ce a daina yi masa Hausa, domin har yanzu akwai masu faɗin haka, sai a roƙe ta ta fara gwada kunnen, sannan ta ƙirga kalmominsa a harsunan duka, uwar na zaune tana faɗa mata na Hausa.